Abin da Baba Bai Gani Ba

Mun baro Salta da jijjifi,
ni a sitiyari, Baba Eulogio a gefena,
sandarsa tsakanin gwiwoyi,
yana ta rufe idanunsa biyu kamar madarar da ta kwana.

Shekara talatin da ɗaya ya ja babbar mota a hanyar nan,
gangunan ruwan inabi a baya, bashi a gaba.
Yau ni ce direba,
amma bakinsa bai ajiye lasisi ba.

"Nélida, koma giya ta biyu,
hawan Obispo ba ya son mai gaggawa."
Hanya ta nannaɗe dutse kamar igiya a wuyan tulu,
gajimare ya koma ƙarƙashin tayoyinmu,
kunnuwana suka toshe.
Shi kuwa da kafaɗa yake ƙirga kowace kwana.
"Bayan wannan akwai rami a hagu."
Akwai kuwa.
Gwamnati nawa ta wuce, ramin yana nan daram.

A saman tudu, dogayen itatuwan ƙaya
sun ɗaga hannuwa kamar an tare su da bindiga.
Iska ta mari ƙofa. Ba tsuntsu, ba hayaƙin gida.
Can ƙasa an shanya tattasai, gangare guda ya yi jawur,
Baba ya yi atishawa sau uku.
"Mun iso Cachi," ya ce, tun ban hango allo ba.

Daga nan burji ne zalla.
Duwatsu sun karkace, tsini a sama,
kamar kibau da aka harba suka fasa tafiya.
Ƙura a haƙori, ƙura a cikin burodi.
Muka yi faci sau ɗaya,
ya lalubo ƙusar da yatsa kafin in gama neman jak.

La'asar sakaliya muka shiga Cafayate,
layukan inabi sun miƙe kamar kitson da aka yi da natsuwa.
Wata tsohuwa, Benigna, ta fito daga rumfa tana goge hannu.
"Kai ne, mai hon kamar kukan jaki?"
Ta tsiyaya masa farin ruwan gonarta, kaurin yatsa.
Likita ya hana,
sai ya kai hanci, ya daɗe, ya mayar mata.
"Na bana ya fi rana," ya ce.
Ta cika mana hula da 'ya'yan inabi, ta ƙi karɓar ko sisi.

Washegari muka faɗa jan kwazazzabo.
Can tsakiya ya dafa hannuna: "Tsaya."
Na kashe mota. Shiru ya sauko mana da nauyinsa.

"Na bi nan ya fi sau dubu,
ban taɓa ɗaga kai ba.
Idona na kan kwalta, kan allurar zafin inji, kan agogo,
kan kuɗin makarantarki.
Baƙi na tsayawa ɗaukar hoto, ni ina yi musu tsaki.
Faɗa mini, yaya wurin yake?"

Na buɗe baki, kalmar ja ta yi mini kaɗan.
Na ce: kamar tsatsar ƙofar tsohuwar motarka,
sama da ita kamar hanta a faranti,
can ƙoli kamar garwashin da ya ga asuba.
Akwai zare kore a tsakani, ban san wa ya ɗinka shi ba.
Ga kogi a ƙasa, siriri, ya ci dutse ya rame.

Na ja shi har gindin bangon.
Ya shimfiɗa tafinsa a kai,
yadda yake taɓa bonet don jin lafiyar inji.
Jar ƙasa ta maƙale a layukan hannunsa.

"Da ɗuminsa," ya ce.

Muka tsaya har inuwa ta haye takalmanmu.
Sannan ya share fuska da hula,
ya juya daidai inda motar take.
"Duba ruwan lagireto kafin mu tashi.
Akwai hawa a gaba."